INJIN FOTOKWAFI A MAKARANTUNMU: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a makarantun unguwanninmu na Zango, tun daga Nima da Sabon Zango a Akra, zuwa Aboabo a Kumasi, har can Tamale da Yendi da Bawku, ya san irin halin da akan shiga a makon da ke gaban jarrabawar ƙarshen zangon karatu. Malamai sun gama tsara tambayoyi, hedimasta ya sayo takarda, an riga an ba yara jadawali, sai kawai a wayi gari injin fotokwafi ya ce bai san zancen ba. Ko dai ya riƙa tauna takarda, ko ya riƙa fitar da shafi da baƙin layi tun daga sama har ƙasa, ko kuma ya kunna jar fitila ya yi shiru abinsa. Daga nan sai a ɗora wani malami a kan babur da tambayoyi a cikin jaka, ya nufi shagon masu buga takardu na bakin kasuwa, a biya kuɗin da ba a yi tanadinsu ba, a kuma bar sirrin jarrabawa a hannun wanda ba malami ba. In kuwa babu kuɗin, to sai a koma ga allo da alli.

Komawa ga allo ba tatsuniya ba ce. Masu karatu za su iya tunawa da shekarar 2019, lokacin da hukumar ilmi ta ƙasa, wato GES, ta hana karɓar kuɗin buga jarrabawa daga hannun iyaye a makarantun gwamnati na firamare da ƙananan sakandare, har ta kai malamai a wurare da dama suna rubuta tambayoyi a jikin allo, yara suna kwafa. Tallafin da gwamnati ke bayarwa a kan kowane yaro, wanda aka soma a 2005, bai taka kara ya karya ba, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Makarantunmu na Islamiyya masu zaman kansu kuwa, da guminsu da na iyayen yara suke tafiya. Saboda haka makarantar da Allah Ya hore wa inji nata na kanta, ta riƙe dukiya babba, kuma amana ce a wuyan malamanta.

Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana malamai a kai shi ne, ba tsufa ne ke fara kashe inji a makaranta ba, rashin mai kula ne. Inji ne na kowa, kowa na taɓawa, amma babu wanda za a tambaya in ya lalace. Alhali kuwa yawancin abubuwan da ke tsayar da shi ƙanana ne, waɗanda malami mai natsuwa zai iya hana aukuwarsu, ko ya gane su da kansa kafin a nemo mai gyara.

ƊIGO ƊAYA MA ABIN KULA NE

Kada wani ya ɗauka cewa muddin takarda ta fito, to buƙata ta biya. Makarantunmu da yawa, musamman waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilmin Musulunci da aka kafa a cikin GES a 1987, suna jarrabawar Larabci tare da ta boko. To, a rubutun Larabci ɗigo ne ke raba dal da zal, shi ne ke raba sin da shin. Injin da ke fitar da rubutu dishi-dishi yana iya haɗiye ɗigo ko wasali, wanda kuma ke yayyafa baƙin gari a kan shafi yana iya ƙara ɗigon da malam bai rubuta ba. Haka nan a lissafi, in ɗigon da ke cikin 2.5 ya ɓace, ya zama 25 ke nan, in alamar ɗebewa ta shafe, amsa ta canja gaba ɗaya. Yaro ya yi karatunsa, ya zo ya faɗi a kan laifin da ba nasa ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

DAGA SITANSIL ZUWA FOTOKWAFI

Manyanmu a wannan aiki sun san zamanin sitansil, lokacin da akan buga tambayoyi da tafireta a kan takarda mai kakin zuma, a ɗaura ta a jikin inji, a riƙa juya hannu tawada na ɓata riga. Wannan inji ya samo sunansa ne daga David Gestetner, mutumin ƙasar Hangare da ya zauna a Landan, wanda ya ƙirƙiro dabarar a wajajen 1881. Injin Gestetner ba ya buƙatar lantarki, kuma kusan duk abin da ya same shi ido na iya gani.

Fotokwafi kuwa wani Ba'amurke ne mai suna Chester Carlson ya gano hanyarsa, ya fitar da kwafin farko a birnin Niyok ran 22 ga Oktoba, 1938. Sai a 1959 kamfanin da aka sani yanzu da Xerox ya fito da injin da ya yaɗu a ofisoshi. Firinta mai aiki da hasken leza, irin wadda ke kan teburin hedimasta, ita ma wannan hanya take bi. Don haka duk abin da za mu faɗa a kan ɗaya ya shafi ɗayan.

YADDA YAKE AIKI

Wanda bai san yadda abu ke aiki ba, ba zai gane ciwonsa ba. Kowane malamin kimiyya ya taɓa nuna wa yara yadda akan goga biro a gashin kai, sai ya riƙa ɗaukar ƙananan yagaggun takardu. To, wannan ƙarfin jan shi ne asirin fotokwafi. A cikin injin akwai wani abu mai siffar gwangwani, kore ko shuɗi, wanda masu gyara ke kira duram. Inji yakan caje fatar duram da lantarki, sa'an nan ya haska mata siffar shafin da ake so, ta yadda cajin wuraren rubutu zai bambanta da na wuraren da babu komai. Daga nan sai garin tawada, wanda ake kira tona, ya manne a wuraren rubutu kaɗai. Takarda ta zo ta wuce ta ƙarƙashin duram ta kwashi garin.

A wannan mataki rubutun gari ne kawai a kwance a kan takarda, in ka shafa da yatsa zai goge. Shi wannan gari roba ce da aka niƙa luƙui aka haɗa da baƙin launi. Saboda haka sai takarda ta ratsa tsakanin wasu rodi biyu, ɗaya mai zafi ɗaya mai dannawa, kamar dai yadda dutsen guga ke yi wa tufa, robar ta narke ta kama takarda. Wannan sashe shi ne fiyuza, mu kira shi magasa, kuma zafinsa yakan kai digiri 180 zuwa 200, wato kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, shi ya sa kuma inji ke shan wuta da yawa.

Mai karatu zai lura cewa abubuwa uku wannan aiki ya dogara a kansu: takarda busasshiya, ciki mai tsabta, da wuta tsayayya. Su ukun nan kuwa su ne ƙasarmu ta fi gwada mu a kansu.

TAKARDA DA YANAYI

Takarda tana shan laima kamar yadda gishiri ke sha. Jarrabawar watan Yuli takan faɗo a cikin damina, kuma rim ɗin da aka buɗe aka bari a kan tebur ko a ƙasan siminti, kwana biyu ya ishe shi ya yi sanyi. Takarda mai laima ba ta karɓar caji sosai, sai rubutu ya fito da farare-fararen gurabe. In ta shiga magasa kuma ruwan jikinta ya zama tururi, ta nannaɗe, ta yamutse, ta maƙale. Sau da yawa akan kira mai gyara a biya shi kuɗin mota, alhali sabon rim kawai ake buƙatar buɗewa. Wannan ya fi damun makarantun kudu, irin su Akra da Kumasi da Takoradi, inda laima ba ta cika barin iska ba.

Jarrabawar Disamba kuma a bakin hunturu take zuwa, kuma mutanen Tamale da Wa da Bolga sun fi kowa sanin aikinsa. A lokacin iska ta bushe ƙayau, takardu sukan manne da juna, inji ya ja biyu ko uku a tare.

Maganin duka biyun ɗaya ne. A bar takarda a cikin ledarta ko marufinta har sai an zo amfani da ita, a ajiye ta a kwance a cikin kabad, nesa da bango da ƙasa. Kafin a zuba ta a inji a kama gefenta a karkaɗa, iska ta shiga tsakanin shafuka, a daidaita bakinta a kan tebur. Kada a cika tire ya wuce layin da aka zana a jikinsa, kuma a matso da 'yan katangun gefe su taɓa takarda ba tare da sun matse ta ba. In an tashi aiki da yamma a damina, a kwashe ragowar a mayar cikin leda. Takarda mai nauyin giram 80, wadda akan rubuta a jikin marufi, ita ce ta fi dacewa. Wadda ta fi ta sirantaka ta fi araha, amma araha ba ta ado.

Akwai kuma ɗabi'ar mayar da takardar da aka riga aka yi amfani da gefe ɗaya don tsimi. Tsimi abu ne mai kyau, sai dai a duba da kyau, domin ƙarfen sitefula guda ɗaya da aka manta a kusurwa ya isa ya karce duram ko ya yage fatar magasa, a yi asarar abin da ya fi kuɗin katan ɗin takarda.

ƘURA DA BAƘIN DA BA A GAYYATA BA

Makaranta gidan ƙura ce: ga ta alli, ga ta filin wasa, ga ta hunturu. Ƙura takan kwanta a kan tayoyin robar da ke jan takarda, su yi santsi, sai ka ji inji na ta juyi amma takarda ba ta taso ba. A kashe inji, a zare waya, a sami tsumma mai laushi marar zare-zare, a ɗan jiƙa shi da ruwa a matse sosai, a goge tayoyin, a bari su bushe. Kada a kusance su da kananzir ko fetur, domin suna cin roba. In an goge ba su daina zamewa ba, to sun cinye ne, kuma suna cikin kayan da suka fi sauƙin kuɗi.

Ya kamata inji ya zauna a ɗakin da ba a rubutu da alli, nesa da taga, a kan tebur mai ƙarfi, a bar tazara tsakaninsa da bango don ya sha iska. A ɗinka masa riga ta yadi, amma kada a rufe shi sai ya huce. Ɗumin cikinsa kuma yana jawo kyankyasai da tsaka da ɓeraye, musamman a lokacin dogon hutu. Ɓera yana cin waya, kyankyaso ko tsaka kuwa in suka hau kan allon lantarkin inji suna iya haɗa wuta su ƙone shi. Saboda haka ɗakin inji ba wurin cin waken-shinkafa ko ajiye biredi ba ne.

WUTA

Wutar da ECG ke bayarwa a kudu da wadda NEDCo ke bayarwa a arewa, bisa ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda takan yi ƙasa da sama. Ba mu manta da shekarun dumso ba, musamman 2014 da 2015, lokacin da kayan lantarki masu yawa suka salwanta. Babban injin fotokwafi yakan ja wat 1,000 zuwa 1,500 sa'ad da yake ɗumama magasa. In wuta ta yi rauni, magasa ba zai kai zafin da ake so a kan lokaci ba, sai inji ya zaci ya lalace, ya tsaya ya nuna lamba. In kuma aka ɗauke aka maido da ƙarfi, allon wutarsa ne ke tafiya.

Don haka a ba inji soket nasa shi kaɗai, kada a haɗa shi a waya ɗaya da firij ko butar dafa ruwa. A saya masa sitabilaiza wadda ƙarfinta ya ɗara abin da aka rubuta a bayan injin, mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta. Ƙaramar na'urar batir da ake sa wa kwamfuta ba ta iya ɗaukar fotokwafi ko firintar leza, haka ma ƙaramin janareta na fitila da fanka. In hadari ya taso da tsawa, ko an tashi daga aiki, a kashe shi ta maɓallinsa, a jira fankar ciki ta yi shiru, sa'an nan a zare waya.

Ga wani gargaɗi na musamman. 'Yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje sukan tuna da makarantun da suka yi, su aiko da inji kyauta, Allah Ya saka musu da alheri. To, wanda ya fito daga Amurka ko Kanada an ƙera shi ne don wutar bolt 120. In aka cusa shi kai tsaye a soket ɗinmu, ko kwafi ɗaya ba zai yi ba, sai ƙauri. A karanta rubutun da ke bayansa tukuna. Na Ingila da sauran ƙasashen Turai wutarsu ɗaya da tamu.

SHAFI SHI NE MAI BA DA LABARI

Kamar yadda likita ke duba idon majinyaci, haka ake duba shafin da inji ya fitar. Matakin farko shi ne a gane ko ciwon na sashen ɗaukar hoto ne, wato gilashin sama, ko na sashen bugawa. A aiko da shafi daga kwamfuta, ko a sa injin ya buga shafin gwajinsa, sa'an nan a ɗora wata takarda a gilashi a yi kwafi. In aibin ya fito a kwafi kaɗai, to matsalar tana sama, kuma galibi datti ne. In ya fito a duka biyun, tana ciki.

Baƙin layi siriri da ke fitowa sa'ad da aka zura takarda ta sama, amma ba ya fitowa in an ɗora ta a gilashi: a duba siririn gilashin da ke gefen babban. Ɗan ɗigon Tipp-Ex ko tawadar biro ne ya bushe a kai. A goge da tsumma mai ɗan danshi, kada a zuba ruwa a kan gilashin.

Tabo mai maimaita kansa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa: wani abu mai juyawa ne ya sami rauni. A sa rula a auna. Malaman lissafi sun san kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3.14, don haka duram mai faɗin milimita 24, irin na ƙananan firintoci, zai maimaita tabonsa duk bayan milimita 75, mai faɗin 30 kuma duk bayan 94. Wannan awo yana taimakon mai gyara ƙwarai.

Rubutu ya dushe a gefe ɗaya ko a tsakiya: tona ce ta kusa ƙarewa. A fito da kwansonta a girgiza shi a hankali hagu da dama, zai ƙara ɗan tafiya, amma sanarwa ce cewa a nemo wata.

Rubutu yana gogewa in an shafa: magasa bai yi zafi ba, ko takardar ta yi laima, ko ta yi kauri. Shafi duka ya yi toka-toka: duram ya gaji, ko tonar da aka zuba ba tasa ba ce.

In takarda ta maƙale, a duba hoton da inji ke nunawa, a buɗe ƙofar da ya ce. A kama takardar da hannu biyu a ja a hankali ta hanyar da take tafiya, sa'an nan a shimfiɗa ta a duba ko ta fito duka, domin ɗan guntun da ya rage shi zai maƙale ta gaba. Ban da wuƙa, ban da almakashi, ban da tsinke. A yi hattara da magasa, yana ƙuna. Kada a taɓa fatar duram da yatsa, kada kuma a bar shi a hasken rana. In tona ta zube a hannu ko riga, da ruwan sanyi ake wankewa, domin ruwan zafi narkar da ita zai yi ta kama tufa.

FIRINTA MAI TAWADAR RUWA

Makarantu da yawa yanzu suna da firinta mai tankin tawada, irin waɗanda Epson da Canon da HP ke yi, saboda tawadarta tana da sauƙi kuma ba ta shan wuta. Ita cutarta zama ne. Tana fesa tawada ta wasu ƙofofi da suka fi gashi sirantaka, in ta yi makonni ba ta aiki sai su bushe su toshe, a dawo hutu a ga rubutu da fararen layuka. Maganin shi ne a sami wanda zai riƙa buga shafi ɗaya mai launi ko da sau ɗaya a mako, har a cikin hutu. A riƙa kashe ta ta maɓallinta, domin a lokacin ne take mayar da kanta mazauninsa ta rufe shi. Kada a bar tawada ta sauka ƙasa da layi, iska za ta shiga bututu. Wankin kai da ake sa ta yi daga kwamfuta yana da amfani, amma yana shan tawada, in an yi sau biyu ko uku ba ta washe ba a dakata, a bar ta ta kwana.

IDAN KWAMFUTA DA FIRINTA SUN ƘI JITUWA

Wani lokaci inji lafiyarsa lau, saƙo ne bai isa ba. A duba waya tukuna, a duba ko sunan firintar da aka zaɓa shi ne nata. Kada a yi ta danna umurnin bugawa sau goma, domin aikin farko da ya maƙale shi ya tare hanya. A share layin ayyukan duka, a kashe firinta da kwamfuta, a sake kunnawa. Sa'an nan a duba girman takarda: kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite a kan girman takardar Amurka, mu kuwa A4 muke amfani da ita, mai milimita 210 da 297. Wannan saɓani kaɗai yana sa inji ya tsaya yana neman takardar da ba mu da ita, ko ya yanke layin ƙarshe. Malamai kuma su riƙa kawo tambayoyinsu a tsarin PDF, don kada Larabci ko alamomin lissafi su wargaje a wata kwamfutar.

INDA HANNUN MALAMI YA TSAYA

Duk abin da sai an kwance noti kafin a kai gare shi, ba aikin malami ba ne. Akwai wuta mai ƙarfi a ciki. In an ji ƙauri, ko ƙara kamar ana niƙa, ko inji ya nuna lambar da kashewa da kunnawa sau ɗaya bai kawar ba, a zare waya a kira mai gyara. Lambobin nan suna da ma'ana: E000 a injin Canon, da SC542 a Ricoh, da lamba 50 a firintar HP, duk suna nuni ne ga magasa. A rubuta lambar daidai, ko a ɗauki hotonta da waya, a ajiye shafukan da suka ɓaci, a gaya wa mai gyara tun kafin ya taso don ya zo da abin da ya dace. In ya canja wani abu, a karɓi tsohon, a rubuta rana da kuɗi.

A sani kuma cewa duram da magasa da tayoyi suna da iyakar shafukan da aka ƙaddara musu, ƙarewarsu ba mugunta ba ce ta mai gyara. Tona kuma kowane jinsin inji da irin tasa. Ɗura gari a tsohon kwanso yana rage tsada, amma a tabbata garin na wannan injin ne, kuma kwanso ba ya ɗaukar ɗuri har abada.

A AUNA KAYA DA JAKI

Mu ɗauka makaranta tana da yara 400, darussa 8, kowane darasi shafi 2. Shafi 6,400 ke nan, kusan rim 13. Ƙaramar firinta irin HP P1102, wadda ta cika ofisoshinmu, masu ita sun ƙiyasta mata shafi 250 zuwa 1,500 ne a wata, kwanson tonarta kuma shafi 1,600, shi ma a kan shafin da rubutu bai cika ba. Ɗora mata jarrabawar makaranta duka a kwana uku zalunci ne. Aiki irin wannan na babban fotokwafi ne, ko na injin Riso, jikan Gestetner da Japanawa suka fito da shi a shekarun 1980, wanda ke yanka sitansil da kansa, ba ya amfani da zafi wajen ɗora tawada a takarda, kuma yana fitar da sama da shafi 100 a minti. Makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su mallaki guda.

Mai sayen inji na hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar Tema, ya nemi a buga masa lambar shafukan da injin ya riga ya yi, ya kuma tambaya ko ana samun tonarsa da kayan gyaransa a garinsu. Injin da babu kayansa a kasuwa, ƙarshensa hannun 'yan gwangwan, irin waɗanda aka sani a Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021.

Batun sirri ma yana nan. Sitansil ɗin ƙarshe yakan zauna a jikin injin Riso, duk wanda ya danna zai sami kwafi, sai an sa shi ya cire. Manyan injinan fotokwafi kuma wasunsu suna ajiye hoton abin da aka buga a cikinsu. Shafukan da suka ɓaci a ƙone su, kada a zuba a kwandon da yara ke kwashewa, balle su ƙare a wajen mai ƙosai.

A BA SHI MAI SHI

A ƙarshe, shawarata ga hedimastoci da kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai ita ce, a damƙa inji a hannun mutum ɗaya da mataimakinsa, su kaɗai ke da makulli. A ajiye littafi a gefensa, a riƙa rubuta rana, da sunan mai aiki, da yawan shafi, da lambar da inji ya nuna a ƙarshen mako, da duk gyaran da aka yi. Wannan littafi shi zai nuna nawa shafi ɗaya ke ci, shi zai hana zargi a tsakanin malamai, shi ne kuma hujjar hedimasta a gaban iyaye ranar taro. A ware wani abu kowane zangon karatu don gyara, kome ƙanƙantarsa.

Saura mako uku jarrabawa a kira mai gyara ya share inji ya duba shi. Saura mako biyu tona da takarda su kasance a kabad, tambayoyi su kasance a hannu. A raba bugun a kan kwanaki, ana yi ana barin inji ya huta, kuma malamin kowane darasi ya karanta kwafin farko da idonsa kafin a saki sauran. Wanda ya yi haka, ko inji ya ba shi kunya, yana da sauran kwanakin neman mafita.

Iyayen yaran nan da sayar da koko da tuƙin mota da ɗinki suke tara abin da suke kawo mana. Kula da abin da aka saya da kuɗinsu yana cikin aikin malanta. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, amin.